Kwana a Tanti a Bakin Tafkin Kan Tsauni: Daga Neman Wuri Har Naɗe Kaya

Kusan duk hoton da ka taɓa gani na tanti a bakin tafki, ga tsauni tsaye a bayansa, ruwa shuɗi kamar an zuba baba, da rana aka ɗauke shi. Babu mai ɗaukar hoton ƙarfe 4 na asuba, lokacin da raɓa ta jiƙa rufin tanti sharkaf, sanyi yana ratso mutum ta ƙasa, wani abu kuma yana shinshinar ledar abincin da aka manta a kan tebur. Wanda zai kwana a irin wannan wuri, shirin dare ya kamata ya yi. Rana ba ta cika ba da wahala ba.

Fara da sanin tsayin wurin

Kafin ka duba kyawun tafkin, duba mita nawa yake sama da teku. Wannan adadi ɗaya shi ne zai gaya maka irin kayan da za ka ɗauka. A matsakaici, duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Idan garin da ka baro yana kan mita 300 kuma darensa digiri 20 ne, tafkin da ke kan mita 2,300 zai kwana a wajen digiri 7. Lissafin bai ma tsaya nan ba, domin tafki a cikin kwari yake zaune, iska mai sanyi kuwa ta fi mai ɗumi nauyi. Da rana ta faɗi sai ta riƙa gangarowa daga kan tsaunuka tana taruwa a ƙasan kwarin, daidai inda ka kafa tanti. Shi ya sa a daren da sama ta yi garau, babu gajimare babu iska, ake iya wayar gari da ƙanƙara a kan ciyawa a tsakiyar watan Yuli.

Tafkin Yellowstone a Amurka misali ne mai kyau. Yana kan mita 2,357, kuma ƙanƙara tana rufe shi tun daga ƙarshen Disamba ko farkon Janairu har wajen ƙarshen Mayu. Don haka wuraren zangon da ke irin waɗannan tsaunuka ba sa buɗewa duk shekara. Da yawansu 'yan watanni kaɗan suke aiki.

Tsayin yana taɓa jiki ma. Daga wajen mita 2,500 wasu mutane kan fara ciwon kai, tashin zuciya, kasala da rashin barci, saboda iskar da suke shaƙa ba ta wadatar da su kamar a ƙasa. Ƙarfin jiki ba ya hana wannan. Ɗan wasan guje-guje yana iya kwanciya, tsoho ya wuce lafiya. Idan daga ƙasa-ƙasa ka fito, ka kwana ɗaya a wani wuri mai matsakaicin tsayi kafin ka ƙarasa, kuma ranar farko kada ka ɗora wa kanka doguwar tafiya. In ciwon ya ƙi sauƙi, ko numfashi ya yi wuya alhali kana zaune, ko mutum ya fara tangaɗi da ruɗewa, maganin shi ne sauka ƙasa nan take, ko da dare ne.

Kama wuri

Wuraren da ke daf da ruwa su ne suke fara ƙarewa. A Amurka yawancin wuraren zango na gandun dajin ƙasa ana kama su ne ta shafin Recreation.gov, da dama daga cikinsu wata 6 kafin ranar zuwa, kuma sanannun sukan cika cikin mintuna. A Kanada hukumar Parks Canada ce ke da shafinta, tana buɗe rajista a farkon shekara; wuri irin Two Jack Lakeside a gandun Banff ba ya jiran mai jinkiri. Kowace ƙasa da tsarinta, amma dabarar ɗaya ce: buɗe asusu tun kafin ranar, zaɓi lambobin filaye uku ko huɗu da kake so, ka kuma tanadi wasu ranakun da za ka koma musu idan na farko sun kuɓuce. Tsakiyar mako ya fi ƙarshensa sauƙin samu. Mutane kuma suna soke rajista, saboda haka leƙawa lokaci-lokaci yakan yi rana.

Ni ra'ayina, filin da ke bakin ruwa sosai ba shi ne mafi kyau ba, duk da shi kowa ke rububi. Ya fi sanyi, ya fi laima, sauro ya fi yawa, kuma duk mai zuwa kallon faɗuwar rana ta gefenka zai bi. Layi na biyu, ɗan sama kaɗan a cikin itatuwa, yakan ba ka barci mai daɗi, tafkin kuma tafiyar minti biyu ce.

Karanta bayanin wurin da kyau. Akwai ruwan famfo? Bandakin na ruwa ne ko na rami? Akwai akwatin ƙarfe na ajiye abinci? Mota tana zuwa har filin, ko sai an ɗauki kaya a ka? Kuɗin shiga gandun daban yake da kuɗin kwana a wurare da yawa, wasu ma har izinin hura wuta sai an saya. Ka sauke takardar shaidar da taswira a wayarka tun kana gida, don sau da yawa babu sabis a can.

Kayan barci kafin komai

Masu farawa sukan kashe kuɗinsu a kan tanti su yi wa shimfiɗa riƙon sakainar kashi, alhali ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki. Jakar barci, komai kaurinta, tana matsewa a ƙarƙashin nauyinka, sai ta daina riƙe zafi ta wannan ɓangaren. Abin da ke raba ka da sanyin ƙasa shi ne 'yar katifar da ka shimfiɗa. Ana rubuta ƙarfinta da wata lamba mai harafin R. Don daren tsauni a lokacin zafi nemi mai 3 ko sama. Babbar katifar nan da ake hurawa da famfo, wadda babu komai a cikinta sai iska, tana da taushi amma sanyi gare ta. In ita kake da ita, ɗora bargo mai kauri a kanta.

Jakar barci kuma tana zuwa da lambobi biyu ko uku. Wadda za ka kula da ita ita ce ta jin daɗi, watau sanyin da mutum zai yi barci a cikinsa ba tare da makyarkyata ba. Mafi ƙanƙantar lambar ma'anarta kawai ba za ka mutu ba. Ɗauki jakar da lambar jin daɗinta ta kai digiri 5 ƙasa da abin da hasashen yanayi ya faɗa.

Tantin ya zama mai rufi biyu, na ciki mai shan iska da na waje mai tare ruwa, wanda ya sauko har kusa da ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafa shi sau ɗaya a gida, ka ƙirga turaku da sanduna, ka ja kowane zif. Ƙara 'yan turaku da igiya a kan waɗanda suka zo da shi.

Batun sutura gajere ne. Auduga in ta jiƙe da gumi ko ruwa ba ta bushewa da wuri, kuma tana janye ɗumin jiki, don haka abin da zai taɓa fatarka ya zama ulu ko yadin roba. A kansa rigar sanyi, a kan wannan rigar ruwa. Ware kaya guda busassu, har da safa da hula, ka ƙulle su a leda. Na barci ne kawai, ko me ya faru da rana kada ka taɓa su. Sai tocilar goshi da batir na ƙari, ashana a cikin abin da ruwa ba ya shiga, akwatin taimakon gaggawa, maganin sauro, tabarau da man kare fata. Hasken rana mai ƙona fata yana ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, ruwan tafkin kuma yana dawo maka da wani daga ƙasa. Duhun fata yana rage ƙunar, amma ba ya kare ido ko leɓe.

Isowa da kafa tanti

Ka iso da sauran rana, aƙalla awa 3 kafin faɗuwarta. A cikin kwari rana tana ɓuya bayan tsauni tun kafin lokacin da wayarka ta nuna, kuma da zarar inuwa ta rufe wurin sanyi ya fara ke nan. Tsaya a ofishin masu gadin daji ko allon sanarwa. Nan za ka ji ko an hana hura wuta, ko an ga beyar (wata babbar dabbar daji mai haɗari) a kusa, ko an rufe wata hanya.

Da ka shiga filinka, ɗaga kai sama kafin ka dubi ƙasa. Busasshen reshe da ke rataye, ko matacciyar bishiya da ta karkata, su ne haɗarin da mutane ba sa lura da shi. A dazuzzukan da ƙwari suka kashe itatuwa da yawa abin ba wasa ba ne. Daga nan ka dubi ƙasa. In an ware dandamalin tanti, a kansa za ka kafa. In babu, nemi wuri shimfiɗaɗɗe wanda ya ɗan fi kewayensa tudu, ka tambayi kanka: da za a yi ruwa yanzu, ina zai bi, ina zai kwanta? In akwai ɗan gangare, kai ya kasance a sama.

Shimfiɗa tamfol a ƙasa, amma kada gefensa ya leƙo waje da tantin. Wannan kuskuren na taɓa yin sa: tafin hannu ɗaya kacal ya fito, ruwan da ke zubowa daga rufi ya sauka a kansa ya bi ta ƙarƙashina, na tashi tsakar dare a kan kududdufi. Naɗe rarar a ciki.

Juya ƙunƙuntar gefen tantin ya fuskanci inda iska ke fitowa. A kwari da rana iska takan hau sama, da dare ta sauko daga tsauni, saboda haka ta daren za ka yi wa tanadi. Buga turaku a karkace, kansu yana kallon nesa da tantin, ka ɗaure dukkan igiyoyin ko da babu ko motsin ganye. Inda ƙasa ta yi tsakuwa turke ya ƙi shiga, ɗaura igiyar a jikin ɗan itace ka danne da manyan duwatsu. Rufin waje ya miƙe tsam, kada ya taɓa na ciki. Kuma ka bar tagogin iska a buɗe komai sanyi. Numfashin mutum yana fitar da laima duk dare, ga ta tafkin. In ka toshe ko'ina, da safe za ta riƙa ɗigo maka a fuska ka ɗauka tantin ne ke yoyo.

Abinci da dabbobi

A nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin a nan ne sakacin mutum ɗaya ke jawo wa wasu. Dabbar daji da ta ɗanɗana abincin mutane sau ɗaya za ta dawo. In ta dawo ta sake samu, sai ta daina tsoro, ta fara kutsawa cikin tantuna, ƙarshenta a harbe ta. Masu gadin daji a Arewacin Amurka suna da magana a kan haka, cewa beyar da aka ciyar, kashe ta aka yi.

Ƙa'idar ita ce, duk abin da ke da ƙamshi abinci ne a hancin dabba. Man goge baki, sabulu, turare, man leɓe, gwangwanin da ba a buɗe ba, tukunyar da aka wanke, tsumman goge hannu, shara, har akwatin sanyaya abinci ko da babu komai a ciki. Babu ɗaya daga cikinsu da zai kwana a tanti, babu wanda za a bari a kan tebur in an juya baya. Inda za a ajiye su ya danganta da wurin. A Banff an yarda ka kulle su a cikin mota mai rufin ƙarfe. A gandun Yosemite na Amurka an hana barin abinci a mota da dare, domin beyar na can sun koyi fasa motoci. Sai a akwatin ƙarfen da aka girke a kowane fili. Kada ka ɗauki dokar wani gandun ka kai wani.

Ko a ƙasar da babu beyar, ƙa'idar tana nan. Ɓeraye da kurege suna huda tanti mai tsada saboda guntun biskit, hankaki suna buɗe jaka, birai kuwa a inda suke sun fi kowa wayo.

Game da tazara, hukumar gandun Yellowstone ta sa yadi 100, wajen mita 91, tsakaninka da beyar ko kyarkeci, da yadi 25, wajen mita 23, ga sauran dabbobi. Parks Canada ta ce mita 100 ga beyar, mita 30 ga manyan barewa. In kun yi kiciɓis da beyar kada ka gudu. Tana iya gudun kilomita 50 a awa, gudun kuma shi ke sa ta bi ka. Yi magana a hankali, ku haɗu wuri ɗaya, ku ɗauki yara, ku ja da baya sannu. Akwai feshin barkono na musamman da ake riƙewa saboda ita. A Yellowstone da Banff ana ba da shawarar ɗaukarsa, a Yosemite an hana shi, kuma ba a shiga jirgin sama da shi. In ka saya, ka koyi cire makullinsa, ka rataye shi a ƙugu. A ƙasan jaka ba shi da amfani, kuma ba a fesa shi a jikin tanti kamar maganin sauro.

Ruwan sha, girki da wuta

Ruwan tafki, komai haskensa, ba a shan sa haka nan. Ƙwayar cutar giyadiya da ire-irenta ba sa ganuwa, kuma gudawar da suke kawowa sai bayan mako ɗaya ko biyu take bayyana. In babu famfon da aka tabbatar, tafasa ruwan na minti 1, in ka wuce mita 2,000 minti 3, ko ka yi amfani da matata mai kyau. A kan tsauni ruwa yana tafasa da wuri. A mita 2,000 wajen digiri 93 yake tafasa maimakon 100. Ma'ana, girki zai daɗe kuma gas zai fi ƙonewa, sai ka ƙara a kan lissafinka ka kuma rufe tukunya. Gas ɗin butan zalla yana daina fita in sanyi ya kai kusan sifili, shi ya sa risho kan yi ta tari da asuba. Wanda aka gauraya da furofan ya fi jure sanyi.

Kada ka kunna risho, gawayi ko fitilar mai a cikin tanti, ko da ana tsuga ruwa. Iskar guba da suke fitarwa ba ta da wari ko launi, tana sa mutum barci ne ya wuce. Ɗaura tamfol a kan tebur ka yi girkinka a fili.

Wanke-wanke ba a bakin tafki ake yi ba, ko da sabulun an rubuta ba ya cutar da muhalli. In akwai wurin zubar da ruwan wanki, can za ka kai. In babu, tace guntayen abinci ka sa a shara, ka watsa ruwan aƙalla mita 60 daga tafkin.

Wuta kuma sai a cikin murhun da aka tanada. Sayi itace a wurin ko kusa da shi, kada ka taho da naka daga nesa, domin a cikin ɓawon itace ƙwarin da ke hallaka dazuzzuka suke tafiya. Ƙaramar wuta ta isa. Kashe ta kuwa da ruwa ne: zuba, motsa tokar da sanda, sake zubawa, har sai ka kai bayan hannunka kusa ba ka ji ɗumi ba. Rufe ta da ƙasa ɓoye garwashi ne kawai.

Tafkin kansa

Rana ta take, ka yi gumi, ruwa yana ƙyalli, zuciya ta ce faɗa ciki. Dakata. Narkakkiyar ƙanƙara ce ke ciyar da waɗannan tafkuna. Ruwan tafkin Yellowstone a matsakaici wajen digiri 5 yake. Duk ruwan da ya gaza digiri 15 yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba a daƙiƙun farko, kuma in kansa yana cikin ruwa a lokacin, shi ke nan. Masu aikin ceto suna koyar da lissafin 1, 10, 1: minti 1 na daidaita numfashi, wajen minti 10 da hannuwa da ƙafafu za su yi aiki, sai wajen awa 1 kafin sanyi ya sumar da mutum, in akwai abin da ke riƙe shi a saman ruwa. Gwanin iyo ma hannuwansa mutuwa suke yi. Don haka duk wanda zai hau kwalekwale ya sa rigar ceto a jikinsa ya ɗaure, ya bi gefe-gefe, ya fita da safe kafin iskar yamma ta tayar da igiyar ruwa. Yara kuwa, a sa wani babba takamaimai ya zuba musu ido. In aka ce kowa yana kallo, babu mai kallo.

In da naka kwalekwalen ka zo, bincika dokar wurin. Wurare da yawa suna buƙatar a wanke shi, a tsiyaye, a shanya ya bushe, wasu sai an duba an ba da izini. Dalili gare su: a 2016 aka fara gano wata cutar kifi mai sa shi juyi a Kanada, a tafkin Johnson da ke Banff, kuma irin waɗannan cututtuka a jikin jiƙaƙƙun kaya suke ƙaura daga wani ruwa zuwa wani. Kamun kifi ma yawanci sai da lasisi.

Hadari a tsauni da rana tsaka zuwa la'asar ya fi haɗuwa, kuma tsaunin yana ɓoye shi har sai ya iso kanka. Ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa. Duk daƙiƙa 3 na nufin nisan kilomita ɗaya. Amma ba sai ka tsaya lissafi ba, jin tsawar kaɗai ya isa ka fita daga ruwa. Tanti ba ya kare mutum daga aradu. Shiga mota mai rufin ƙarfe ko gini, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Daren, da safiyar tafiya

Ci abinci mai ɗumi, kwashe komai ka kulle, je bandaki, sannan ka canza zuwa busassun kayan nan. Shiga jakar barci da ɗuminka, domin ita ba ta samar da zafi, naka take riƙewa. In kana jin sanyi ɗan yi tsalle-tsalle tukuna. Gorar ruwan zafi mai murfi mai kyau, a cusa ta cikin safa a ajiye wajen ƙafa, tana kai mutum har asuba. Waya da batir su kwana tare da kai a cikin jakar, sanyi yana zuƙe musu caji. Takalmi a ƙarƙashin rufin waje, tocila inda hannu zai same ta a duhu. Yawancin wurare suna da lokacin yin shiru daga ƙarfe 10 ko 11 na dare, kuma murya tana tafiya a kan ruwa fiye da yadda kake zato. Hirar da kuke yi ƙasa-ƙasa, na wancan gefen yana jin ta.

Ranar tafiya kada ka yi gaggawar naɗe tanti. Cire rufin waje ka kakkaɓe, ka baza shi inda rana za ta fara sauka, ka karya kumallo kafin ya sha iska. Bi filin a hankali kana duba ƙasa: turakun da suka nutse, guntun igiya, murfin kwalba, ɓawon 'ya'yan itace. Taɓa tokar murhu, leƙa akwatin abinci. In dole ta sa ka naɗe tantin da laimarsa, to ranar da ka isa gida ka warware shi ka shanya har ya bushe ƙarau, ɗinki da kusurwoyi duka, domin kwana biyu ko uku a cikin jaka sun isa ya fara fumfuna da wari.